Ranar da Aka Hana Ni Kwaikwayon Kakata

Kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan kalmar kwaikwayo, tun daga Baffa, yayan mahaifina da ke zaune a Sakkwato, har zuwa 'ya'yansa masu turare da manyan wayoyi. Sun ɗauke ta sun jefa cikin kwando ɗaya da ƙarya da ba'a da riya, yadda ake tara ruɓaɓɓiyar albasa a kai bola. A wurinsu duk wanda ya sa rigar wani ya yi muryar wani, ko dai maƙaryaci ne ko marar kunya. Na faɗa musu a tsakar gida cewa ba haka ba ne, aka ce in rufe baki, manya na magana. To, na rufe. Amma ba a ce in ajiye biro ba, kuma ni ba ni da haƙurin da zan jira sai na yi furfura kafin in ce an ɓata abu. Ban tsufa ba, amma duniyar da na yi ƙuruciya a cikinta ta riga ta naɗe tabarmarta, ina tsaye ina kallo.

Gidanmu yana gefen Wurno ne, ta wajen fadama. A da, abin da ke tashe mu da safe ba ƙarar waya ba ce, muryar Kaka ce, mahaifiyar babana, tana faɗa da akuya. Bayan ita sai luguden turmi daga gidan maƙwabta, sai kofaton jakuna masu kai albasa bakin hanya, sai matan Fulani suna ratsa lungu da ƙoren nono. Kafin rana ta ɗaga, hayaƙin banda ya cika gidan, don sana'ar ke nan: Baba Tsoho, mijin Kaka, ya kamo kifi a gulbin Rima, ita ta kyafe. Mu yara aikinmu wanke kifi, ɗauko kara, juya tarwaɗa a kan raga kada ta ƙone, da korar wata mage da Kaka ta rantse ta fi ɓarawon kasuwa wayo. Zannuwanmu warin hayaƙi, gashinmu warin hayaƙi, har littattafaina na firamare, in na buɗe su a aji, sai na kusa da ni ta ce yunwa ta kama ta. Yau an shafe tsakar gidan da siminti, an yi fenti, murhun banda ya mutu a bayan ɗaki. Gidan ya yi tsaf, ya yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa kamar mai duba ƙaya.

In mun gama aiki, wasanmu gaba ɗaya kwaikwayo ne. Mu tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, mu goya 'yar tsana, wata ta zama mai sarin kifi daga Achida wadda ke kushe kaya tana rantsuwa, wata ta zama ungozoma, wani ya hau taɓarya ya zama ɗan kabu-kabu yana hon da baki. Ba wanda ya taɓa ce mana maƙaryata. Kowa ya san ni ce, kowa ya san ban taɓa sarin ko ƙashin kifi ba. Ina ƙarya a abin da ba a ɓoye ba? Ƙarya so take a yarda da ita. Kwaikwayo kuwa so yake a gane shi, in ba a gane wanda kake yi ba ai ka faɗi.

Kuma akwai wasan jika. Ga wanda bai tarar ba: in tsoho ko tsohuwa suka rasu bayan sun ga jikoki, ranar sadakar bakwai, bayan maza sun gama addu'a a waje an raba masa da gumba, jikoki sukan shiga cikin gida wurin mata, su sa kayan mamacin, su yi tafiyarsa, su yi maganarsa, su yi faɗansa. Mata su yi dariya, su yi kuka, a miƙa wa yara goro ko ɗan abin da ya samu. Ba a yi wa yaro, ba a yi wa wanda ya tafi da ƙuruciyarsa. Na wanda ya ci zamaninsa ne ya ƙoshi. Haka na tarar, haka kakannina suka tarar, kuma ban taɓa ganin ya hana kowa yi wa mamaci addu'a ba.

Baba Tsoho ya rasu ina 'yar firamare, a shekarar da aka sako ruwa daga madatsar Goronyo ya cinye mana shinkafa. Kaka ta shiga takaba, muryarta kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi hawaye ba. Ta zauna a ɗaki ta fuskanci bango. A kai tuwo a ɗauko shi yadda aka kai, a kai kunu ya huce ya yi fata a sama. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ranar da akuya ta tura kai cikin garin tuwo a ƙofar ɗakinta, tana gani, ba ta ce uffan ba. Mahaifiyata ta saki muciya ta ce, "Inna lillahi, tsohuwar nan bin shi za ta yi."

Ranar bakwai, babban jika namiji ya sa rigar Baba Tsoho da malfarsa. Tsohon yana da ɗan ɗingishi, tun wata ƙayar kifi da ta taɓa sukar shi a dunduniya. Sai yaron ya kama ɗingishin nan ya yi ta ja, yana karkacewa, yana faɗuwa ƙasa, yana murguɗa baki. Wasu mata suka yi 'yar dariya ta dole. Iya Ige, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata suna tallan ƙuli, ta daka mai tsawa: "Kai, tahi ka ba mu wuri! Ƙahwa ɗai kag gani ga mutum?" Sannan ta waiwayo ta kamo hannuna. "Ke da ka bin shi gulbi awa wutsiya, taho ki yi muna shi."

Aka kifa mini malfa ta haɗiye kaina har hanci, aka rataya mini komarsa ta kamun kifi tana jan ƙasa. Na fita zaure na tsaya. Ban san mi zan yi ba, sai na yi abin da nake gani kullum. Baba Tsoho bai taɓa shigowa gida kai tsaye ba. Sai ya tsaya bakin zaure, ya yi gyaran murya, ya buga ƙafa a jikin dokin ƙofa taɓo ya zube, sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai tambayar hanya: "Masu gidanga sun yi ƙaura ko?" Na yi gyaran muryar, na buga ƙafar, na faɗa.

Daga cikin ɗaki, ta bayan labule, muryar da muka yi kwanaki ba mu ji ba ta fito da kaifinta: "Sun yi. Aje kihin ka koma!"

Amsar da take ba shi ke nan tun kafin a haifi ubana. Bakinta ne ya riga ta. Sai muka ji ta yi dariya, wata irin dariya mai kama da tari, sannan dariyar ta karye ta zama kuka, kukan da ta riƙe tun ranar da aka fita da shi. Ni kuwa yarinya, ban san ana tsayawa ba. Na je na zauna a kan turmin da yake zama, na miƙe ƙafa, na ce, "Ina hurata?" Iya Ige ta yi wuf ta miƙo ƙwarya. Na kurɓa, na ɓata fuska yadda yake yi, na ce, "Wagga hura ruwa ta, ba nono." Sai ga Kaka a bakin ƙofa, ido jajur, ta fisge ƙwaryar daga hannuna. "Kawo nan, marar godiya, kai da ba ka taɓa sayen nono ba!" Ta kafa kai ta shanye. Shi ne abu na farko da ya shiga cikinta. Ta ƙara shekaru masu yawa bayan nan tana faɗa da akuya.

To wanda ya ce mini wannan ƙarya ce, ya gaya mini wa aka yaudara.

Daga baya, muna bakin banda, na tambaye ta don mi aka kori yayanmu ni aka bar ni. Ta tofar da tukar goro ta ce, "Shi ba'a yay yi. Mai ba'a aibi guda yaka ɗauka ga mutum shi yi ta hura shi. Ke kin duba mutum dut. Ba a kwaikwayon wanda ba a zamna da shi ba." Kaka ba ta yi boko ba, amma ba ta barin kalma ta shiga gonar wata. Ranar da ta ga na fara ɗaura kallabi irin na wata malamarmu, ta ce in yau kaɗai zan yi a yi dariya, kwaikwayo ne, in kuwa zan riƙe har in girma, ya zama koyi, sai in duba da wa nake koyi. Akwai wata maƙwabciyarmu da ba ta kai wa mai jego tuwo sai ta bi ta lungun da ya fi jama'a, kwanon a buɗe. In ta gifta sai Kaka ta ce, ba tare da ta rage murya ba, "Ga riya nan ta wuce da miya." Wani rani kuma wani mutum ya zo da farar riga da jaka, ya ce shi malamin gona ne, ya sayar wa manoman albasa ruwan kala a matsayin maganin tsutsa. Mutane suka yi ta cewa ya iya kwaikwayo. Kaka ta ce kada a ɓata sunan kwaikwayo, wannan sojan gona ne, kayansa kuma jabu, don duk fatansa kada a gane shi. A lokacin ina ganin surutun tsofaffi ne. Yanzu na ga gidan da aka daina rarrabe waɗannan kalmomi, na ga abin da ya zama.

Kaka ta kwanta ciwo a daminar nan. Ni ke jinyarta, don ni ce ba ni ƙyamar komai nata. Wata safiya ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta nuna mini baƙin zanenta na saƙi, wanda hayaƙi ya riga ya zama jikinsa, da ɗan ƙarfen da take juya kifi da shi. Ta ce, "In na tahi, ke za ki yi ni." Na ce ta daina wannan magana. Ta make mini hannu ta ce, "Ji nan, ja'ira. Ke za ki yi ni. Kuma kada ki gyara ni." Na ce to. Alkawarin ke nan, ba shaida sai ni da ita da Allah.

Ta rasu, Allah ya jiƙanta. Aka cika gida. Kuma tun ranar farko na fara jin abin da ya tsaya mini a wuya. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Baiwar Allah mai haƙuri, ba ruwanta, ba a taɓa jin muryarta ba." Muryar wa? Kaka? Matar da in ta kira sunanka daga tsakar gida sai masunta su jiyo a bakin gulbi? Matar da ta taɓa bin mai sarin kifi da ƙarfen banda har bakin titi don ya zagi yarinyar da ke mata talla? Kaka ba ta da haƙuri ko na sisi. Tana da kyauta, tana da gaskiya, ba maraya a unguwar nan da bai ci kan tarwaɗarta ba, amma haƙuri a'a. Ni na gado ta, na sani. Na yarda ana faɗin alherin mamaci, haka aka koya mana. To alherinta ya ƙare ne da sai an ara mata na wata? 'Yar Baffa kuwa, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin Kaka ba sai ta toshe hanci da gefen mayafi, ita ta fi kowa kuka, kuma na lura kukan ba ya tashi sai wayar ƙanwarta ta ɗago. Ta sa hoton Kaka a waya ta rubuta cewa ta rasa uwa mai sanyin hali. Iya Ige, wadda yanzu sai da sanda, tana zaune a lungu tana jin su. Ta jawo ni ta ce, "Ke ɗiyata, wagga da suka ta yabo, wa ta? Ni ban san ta ba."

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a, na shiga ɗaki na ɗaura baƙin zanen, na ɗauki ƙarfen. Ina fitowa na yi kiciɓis da Baffa ya shigo sallamar mata.

"Mi na haka?"

Na durƙusa. "Wasan jika na, Baffa. Ita tac ce in yi ta."

"Ba gidanga ba. Uwata ba abin wasan kwaikwayo ba ta. Ku sa tsummanta ku yi ta ƙarya da ba'a, gobe in gan ta cikin waya duniya na dariya? Tahi ki kwance."

Zan faɗi gaskiya, tsoronsa ba na banza ba ne. An yi haka a wani ƙauye ta wajen Rabah, wani ya ɗauki jikokin a waya, aka ɗora wa hoton sautin dariya, mutanen da ba su taɓa sanin tsohon ba suka yi ta turawa juna. Na gani, raina ya ɓaci. Amma laifin wa? Wasan jika na waɗanda suka san mamaci ne. Da zarar ya fita zuwa idon baƙo, ya zama ba'a, ko da mai yin sa ya yi da zuciya ɗaya. Maganin wannan a hana waya, ba a hana jika ba. Na ce, "Baffa, ai ga mai ɗauka can," don a daidai lokacin 'yarsa na ɗaukar hoton tukwanen sadaka a waya tana gyara mayafi. Ya ce in rufe mai baki. Na dubi babana. Ƙane ne, bai iya ɗaga ido gaban yayansa, sai ya dube ni irin kallon da ke cewa ki rufa mini asiri. Na koma ɗaki na kwance zanen. Iya Ige ta dogara sandarta ta fita, ko masar sadaka ba ta karɓa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan: an hana kwaikwayo da sunan gudun ƙarya, an bar riya tana yawo a tsakar gida da mayafi mai tsada. An hana a nuna Kaka yadda take, an ƙera wata ta jabu, mai laushi, marar murya, marar warin hayaƙi, ana raba wa mutane. Kuma jabun na ci. Shekaranjiya 'yar yayata, yarinyar da ba ta daɗe da fara makaranta ba, ta ce mini, "Wai Kaka ba ta faɗa ko?" Yarinyar da Kaka ta sha kora daga bakin wuta! Ko arba'in ba a yi ba, an fara goge ta daga kan yara. In aka ƙara shekara, ba wanda zai rage ya san ta sai ni da wata tsohuwa mai sanda.

Jiya da hantsi na zagaya bayan ɗaki, wurin mataccen murhun banda, ina ganin ba kowa. Akuya ta hau kan ragar tana cin ɓawon albasa. Ban shirya ba, sai kawai na riƙe ƙugu da hannu ɗaya, na ɗaga ƙarfen Kaka da ke ɗaya hannun, na saki murya: "Ke 'yar banza, uwar wa ta aike ki? Sauka ko in kyahe ki da ranki!" Akuyar ta yi tsalle ta ruga. Ina juyowa sai ga babana tsaye, ba takalmi, carbi a hannu, fuskarsa kamar wanda aka tasa daga barci. Na yi tsammanin faɗa. Sai ya ce, a hankali, "Ba hakanan taka yi ba. Sai ta tohe goro tukuna, gehen hagu, kannan ta yi magana." Ya juya ya tafi yana goge ido da hannun riga.

Ya gyara mini. Wanda bai son a yi abu ba ya gyara shi.

Don haka ga abin da na yanke. Ranar arba'in, in Allah ya kai mu, bayan maza sun gama addu'a, zan yi Kaka. Ba a ɓoye ba, don a ɓoye shi ne zai zama munafunci. Zan samu Baffa a zaure tun da safe, in durƙusa yadda ya kamata, in gaya mai da bakina. Zan ajiye masaki a ƙofar cikin gida, duk macen da za ta shiga ta jefa wayarta ciki, Iya Ige ta ce ita za ta zauna a kai da sandarta, kuma tana fatan wata ta gwada ta. In Baffa ya ce ba a gidan nan ba, tsakar gidan Iya Ige na nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, muryar Kaka kuwa ba ta taɓa sanin katanga ba. Zan tara yara a gaba, su za su fi kowa kusa.

Na ma san da mi zan fara. Duk ranar da motar Baffa ta tsaya a ƙofar gida, ya fito da farar shadda yana tattare ta kada ta taɓa toka, Kaka takan tofar da goro gefen hagu, ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji, ta ce, "Ga Bature ya zaka, ku ɓoye kihi!" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Inna ke nan." Haka zan faɗa, da ƙarfin da take faɗa, a inda zai ji. In ya yi fushi, da uwarsa ya yi. Ni dai an ce kada in gyara ta, kuma ba zan gyara ta ba.